Yadda ake samun tsiro mai kyau, tun daga gwajin iri har fitowar shuka

Kowace damina akwai gonakin da ake shukawa sau biyu, wasu har sau uku, a ƙauyukan Kano da Jigawa. Yawanci mai sayar da iri ake ɗora wa laifi. Wani lokaci da gaskiyar manomi, irin ne matacce. Amma sau da yawa irin lafiyarsa lau, abin da ya tarar a cikin ƙasa ne ya kashe shi: danshin da bai kai ba, rami mai zurfi, ruwan da ya kwanta, ko zafin rairayi. Ƙwayar iri tana buƙatar danshi da iska da ɗumin da ya dace da jinsinta, kuma dukkansu a lokaci guda. Wasu ƙananan iri suna son haske bayan waɗannan. Taki ba ya cikin lissafin tsiro, sai shuka ta fito yake da amfani.

Busasshen iri yana iya jira wata da watanni ba abin da ya same shi. Da zarar ya sha ruwa ya kumbura kuwa, ba ya komawa yadda yake, ko dai ya fito ko ya mutu. Saboda haka duk dabarar shuka ita ce kada iri ya sha ruwa sai sauran sharuɗɗan sun cika.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwaya

Raba ƙwayar gyaɗa ko wake gida biyu, za ka ga wani ɗan tsini a manne a gefe ɗaya. Shi ne ɗan tsiron, shi ne mai rai. A masara yana cikin farin wurin nan da ke gefe ɗaya, kusa da tsinin ƙwayar. Sauran jikin ƙwaya guzuri ne, sai ɓawon da ya rufe su.

Idan ruwa ya shiga, ƙwaya takan kumbura, guzurin ya fara narkewa, ɗan tsiron ya fara numfashi da sauri. Masara sai ta sha ruwan da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinta, waken suya kuwa kusan rabin nauyinsa, shi ya sa danshin da ya ishi masara ba lallai ya ishe shi ba. Saiwa ce take fara fitowa ta nufi ƙasa, sannan kan tsiron ya nufo sama. Har zuwa ranar da ganye zai ga rana, da guzurin nan kaɗai tsiro yake rayuwa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babbar ƙwaya guzurinta yana kai ta daga zurfi, ƙarama kamar riɗi nata yana ƙarewa a hanya.

Gwada irin kafin ka ɗauki sungumi

A yi wannan aƙalla mako biyu ko uku kafin shuka: ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu ga amfanin damina, Oktoba ga alkama. Idan irin ya faɗi gwaji, da sauran lokacin neman wani.

Ɗebo kaɗan daga saman buhu, da tsakiya, da ƙasa. Haɗa su a ƙwarya ka gauraya, sannan ka ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba. A nan mutane da yawa suke ɓata gwajin, su tsince masu kyau su watsar da masu tabo, alhali ranar shuka duka za a zuba a rami. Abin da hannu ya kamo shi za a ƙirga.

Samu tsumman auduga mai tsabta ko yankin buhun algarara. Jiƙa shi ka matse har ya daina ɗiga. Shimfiɗa shi ka jera ƙwayoyin layi 10, kowane layi ƙwaya 10, da ɗan tazara don kada fumfunar ɗaya ta kama ta kusa da ita. Rufe da wani jiƙaƙƙen tsumman, ka naɗe, ka saka a leda amma kada ka ɗaure bakinta, domin irin yana buƙatar iska. Ajiye a ɗaki cikin inuwa. Da bazara gindin randa ya fi, wurin ya fi sanyi. Safe da yamma a buɗe a yayyafa ruwa. Tsumma ya kasance da danshi kullum, amma kada ruwa ya kwanta a ledar.

Gyaɗa da wake da waken suya sun fi son gwajin yashi. A huda gindin tsohon daro ko kasko, a cika da yashin rafi, a shuka ƙwaya 100 a zurfin da za a shuka su a gona. Wannan yana nuna wadda ke da ƙarfin ɗaga ƙasa, abin da tsumma ba ya nunawa.

Ƙirga sau biyu ake yi. Gero a kwana na 3 da na 7. Masara a na 4 da na 7. Dawa a na 4 da na 10. Wake da waken suya a na 5 da na 8, gyaɗa a na 5 da na 10, riɗi a na 3 da na 6, alkama a na 4 da na 8. Shinkafa da tumatir a na 5 da na 14, albasa a na 6 da na 12, barkono da danginsa a na 7 da na 14. Wadda ta fitar da saiwa da kai duka lafiyayyu ita kaɗai ake ƙirgawa. Wadda ta tsage kawai, ko saiwarta ta murɗe ta yi baƙi, ba za ta zama shuka a gona ba.

Idan 85 ko fiye suka tsiro, iri ne mai kyau, a shuka yadda aka saba. Daga 60 zuwa 84 a ƙara yawansa. Lissafin ba wuya: in ana shuka kilo 20 na masara a hekta da iri mai tsiro 90, naka kuma ya ba da 75, sai ka ninka 20 sau 90 ka raba da 75, ya zama kilo 24. Ƙasa da 60 a canza iri kawai. Ƙara yawa ba ya gyara shi, domin waɗanda suka tsiro ɗin ma raunana ne, kuma gona ba ta da sauƙin tsumma.

Ƙirgar farko ta fi ta ƙarshe faɗin gaskiya. Masarar da ta kai 90 a kwana 4 da wadda ta ja jiki ta kai 90 a kwana 7 ba ɗaya ba ne. Ta biyun ta fara tsufa, ita ce za ta fara gazawa in ƙasa ta yi tauri ko ruwa ya yi jinkiri.

Zuba iri a ruwa a kwashe wanda ya taso yana da amfani, musamman ga shinkafa, amma marar ciki da wanda ƙwaro ya huda kawai yake fitarwa. Mataccen iri mai nauyi nutsewa yake yi tare da mai rai.

Inda iri yake mutuwa tun bai je gona ba

Danshi da zafi ne suke cinye ran iri a ajiya. Hatsi ya bushe har danshinsa ya sauko kashi 12 cikin 100 ko ƙasa, gyaɗa kashi 8. Wanda ba shi da na'urar awo ya ciji ƙwaya: busasshiya fashewa take yi da ƙara, mai danshi lotsewa take. Ko a zuba busasshen gishiri cokali ɗaya da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya.

Kada a shanya irin shuka a kan kwalta ko kwanon rufi da tsakar rana, zafin yana dafa ɗan tsiron alhali ƙwayar tana nan da kyaunta. Tabarma ko tamfol, da juyawa akai-akai. Gero da dawa sun fi daɗewa a zangarniyarsu cikin rumbu. Gyaɗa a bar ta cikin kwansonta sai saura mako ɗaya ko biyu a shuka, a ɓare da hannu, a ware wadda ta rabe ko jan bayanta ya saluɓe. Waken suya da albasa ransu gajere ne a zafinmu, irin da ya haura shekara kada a amince masa sai an gwada. Waken suya ko jifa da buhunsa daga kan mota yana tsaga shi ta ciki. Buhun PICS, mai leda a ciki da ke hana iska shiga, yana hana ƙwari, amma sai irin ya bushe sosai ake ɗaure shi a ciki.

Tsabar da ake aunawa a kasuwar Dawanau ko ta Gujungu don ci aka tara ta, ta bana da ta bara suna iya haɗuwa a buhu ɗaya. Mai sayen iri ya nemi rufaffen ƙunshi mai tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, ya duba sunan nau'in da ranar da aka gwada shi. Nau'ukan da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ta fitar sunayensu suna farawa da SAM: SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa. Shi ma na ƙunshin a gwada shi, don ba a san rana nawa ya sha a shago ba.

Ruwan shuka

Ba kowane ruwa ne ruwan shuka ba. Ana so a samu milimita 20 zuwa 25 a kwana ɗaya ko biyu a jere. Auna shi ba ya buƙatar kayan ofis. Ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a fili nesa da bishiya da indararo. Bayan ruwa ka tsoma rula. Santimita 2 na ruwa a gwangwanin shi ne milimita 20.

Washegari da safe a je gona a sara da fartanya a wurare uku ko huɗu, har da tudu. Danshi ya sauka aƙalla santimita 15, wajen tsawon tafin hannu. Damƙi ƙasar daga zurfin da iri zai kwanta. In ta dunƙule, sannan ta wargaje da ka taɓa ta da yatsa, ta yi daidai. In ta zube ta tsakanin yatsu, danshin bai kai ba. In ta manne a hannu tana ƙyalli, ruwan ya yi yawa, a dakata kwana ɗaya.

Ruwan farko na watan Mayu yakan yaudari mutane, domin sau da yawa fari na mako biyu ko uku yana biyo bayansa. A yawancin shekaru damina ba ta zama sosai a Kano sai cikin Yuni, a arewacin Jigawa, wajen Gumel da Maigatari da Ɓaɓura, takan ƙara jinkiri. Hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa a farkon shekara, wanda malaman gona na hukumomin noma na Kano da Jigawa, KNARDA da JARDA, da gidajen rediyo suke yaɗawa, yana taimakawa wajen sanin makon da za a sa rai, amma fartanya ce mai yanke hukunci. Gero yana jure jinkirin ruwa bayan ya fito. Masara da waken suya ba sa jurewa, su a jira damina ta kankama.

Binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, yana aiki ne saboda busasshen iri a busasshiyar ƙasa ba ya motsi. Haɗarinsa yayyafi ne, wanda zai jiƙa santimita 2 ko 3 na sama, ya ishi ƙwaya ta kumbura ta fitar da saiwa, saiwar ta tarar da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashi. Don haka mai binne ya ɗan ƙara zurfi, santimita 4 zuwa 5 a rairayi, yadda sai ruwa na gaske zai kai ga irin. A ganinmu binne na gero ne, don irinsa kaɗan ake buƙata kuma in an yi asara ba ta da zafi. Binne gyaɗa ko waken suya ko masarar da aka saya da tsada caca ce, ga gara da tururuwa da kurege suna da makonni na yin aikinsu.

Jiƙa iri kafin shuka yana sa ya riga ɗan'uwansa fitowa da kwana ɗaya ko biyu, kuma ya fito bai ɗaya. Gero da dawa awa 8, masara awa 12, wato a jiƙa da dare a tsame da asuba. A baza a inuwa ya sha iska har ya daina manne wa hannu, a shuka a ranar, a ƙasa mai danshi. Iri jiƙaƙƙe ba a binne da shi, ba a kuma mayar da shi buhu. In ya wuce lokacinsa a ruwa har ya fara tsagewa ko tsami, an yi ɓarna. Waken suya ba a jiƙa shi, ɓawonsa saluɓewa yake yi ƙwayar ta rabe.

Zurfin rami da iska

Iri mai tsirowa numfashi yake yi, iskar kuwa tana cikin ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Ruwa in ya kwanta ya cika kafofin, a zafin damina kwana biyu sun isa su ruɓar da masara ko wake. A laka da daɓaro da gefen fadama a shuka a kan kunya, a kuma buɗe wa ruwa hanya tun kafin shuka. Shinkafa ce kaɗai take iya tsagewa a ƙarƙashin ruwa, ita ma saiwarta ba ta kama ƙasa sosai sai ta samu iska. Shi ya sa masu renon shinkafa suke jiƙa ta awa 24, su tsame su zuba a jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa na awa 24 zuwa 36 har farin baki ya ɓullo, sannan su watsa a kan taɓon da aka janye wa ruwa.

Ƙa'idar zurfi ita ce a bi gwargwadon girman ƙwaya, a ɗan ƙara a rairayi don samansa saurin bushewa yake. Gaɓar yatsa ɗaya wajen santimita 2 da rabi ce. Gero santimita 2 zuwa 3, dawa 3 zuwa 5, masara da gyaɗa wajen 5, wake 3 zuwa 5, waken suya 3 zuwa 4. Riɗi kada ya wuce 2, kuma a gauraya shi da busasshen yashi don kada ya taru a wuri ɗaya. Tumatir da albasa da barkono santimita 1.

Yawancin matsalar zurfi daga saran sungumi take. Mai sara da safe yana da ƙarfi, ramukansa su yi zurfi, rana ta take ya gaji su koma sama-sama, sai gona ta fito rabi da rabi. Mai gona ya bi bayan masu shuka a layin farko, ya tone rami biyar ko shida ya auna da yatsa, ya sake yin haka bayan hantsi. Rufewa ma da bambanci. A rairayi a taka da diddige sosai, don ƙwaya ta manne da ƙasa mai danshi ta ja ruwa. A jiƙaƙƙiyar laka a tura ƙasa da gefen ƙafa a taka kaɗan, in aka danne ta ta bushe, ta zama bulo.

Akwai kuma ɓawon da ƙasa take yi idan ruwa mai ƙarfi ya daki gona bayan shuka, rana ta biyo baya. Masara da dawa da tsini suke fitowa, sukan huda. Wake da waken suya kuwa da lanƙwasasshen wuya suke fitowa suna jawo ƙwayar sama, ɓawon yana karya wuyan. Idan kwanan fitowa ya yi ba a ga komai ba sai tsagewar ƙasa, a bi layin a farfasa saman a hankali da manjagara ko reshen ƙaya, kada a wuce santimita 1. A lambu yayyafa ruwa da yamma ya isa ya tausasa shi. Gonar da ake zuba wa takin gargajiya kuma ake barin karmami a kanta ba ta cika yin wannan ɓawon ba. Karan da aka bari a kwance yana kuma tare rairayin da iskar hadari take kwasowa ta binne sabon gero.

Zafi da sanyi

Gero ya fi kowa son zafi, yana tsirowa da sauri a digiri 30 zuwa 35 na ma'aunin salshiyas. Dawa da masara da wake da gyaɗa da kuɓewa suna jin daɗin 25 zuwa 35. Amma saman rairayi da rana a Afrilu da Mayu yana haura digiri 50, wanda ke ƙona kan tsiro yana fitowa. Wannan ma dalili ne na jiran ruwan da zai sanyaya ƙasa.

Manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da kwarin Haɗeja su ne suke fama da ɓangarorin biyu. Alkama tana son digiri 12 zuwa 25. In aka shuka ta ƙasa ba ta huce ba, fitowarta ba ta cika, in aka makara kuma zafin Maris ya riske ta tana zuba ƙwaya. Tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ne lokacinta. Tumatir yana son 20 zuwa 30, sama da 35 tsironsa yana raguwa ƙwarai. Latas ya fi shi tsoron zafi, ƙasa in ta kai wajen 30 sai ya ƙi motsi ko da ruwa. A shuka shi da yamma a ƙarƙashin rumfa, kuma a barbaɗa masa ƙasa kaɗan kawai, don yana cikin masu son haske. A ɗaya gefen, daren hunturu a Disamba da Janairu yana saukowa ƙasa da digiri 15. Attaruhu da tattasai da suke fitowa cikin kwana 8 zuwa 14 a ɗumi suna iya kai mako uku, kuɓewa da masarar rani ma su yi nawa. Kada a yi saurin cewa irin ya mutu a sake zuba wani a kai. A lulluɓe da ciyawa, a mayar da ban-ruwa hantsi maimakon asuba.

Wurin renon kayan lambu ga yadda ake shirya shi. Faɗi mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba a taka ba. Da damina a ɗaga shi santimita 15, da rani a yi shi fangali. A farfasa ƙasar ta yi laushi, a gauraya da takin da ya ruɓe sarai. A ja layuka da tsinke, tazarar santimita 10, a zuba iri jefi-jefi, a rufe da ƙasa mai laushi, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya ko karan shinkafa. Ruwa da buta mai rariya, safe da yamma, ba da bakin bokiti ba, don yana tono iri ya tara shi gefe ɗaya. Daga kwana na 4 a riƙa ɗaga ciyawar ana dubawa. Ranar da aka ga tsiro a kwashe ta a yi rumfa sama, in ba haka ba tsiron zai yi tsawo, fari, siriri, ya kwanta. In aka ga tsiro yana faɗuwa gungu-gungu, gindinsa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa, cutar fumfuna ce da yawan ruwa da cunkoso suke kawowa. A rage ban-ruwa, a daina na yamma, a cire waɗanda suka kamu da ƙasar gindinsu, a rage rumfa iska ta shiga. Farar kanwa-kanwa a saman fangali alamar gishiri ce, tana hana iri jan ruwa ko ƙasa na jiƙe, a canza wurin reno.

Mai cire irin tumatir da kansa ya bar ƙwayoyin cikin ruwansu kwana ɗaya ko biyu su yi tsami, sannan ya wanke ya shanya a inuwa. Yauƙin da ke jikinsu yana hana tsiro.

Magani da taki

Maganin cuɗa iri, irin su Apron Star, yana kare ƙwaya daga fumfuna da ƙwarin ƙasa a makonnin farko. A bi awon da ke jikin ƙunshin, a yayyafa wa irin ruwa kaɗan don garin ya kama, a girgiza a rufaffen mazubi, a sa leda a hannu. Ragowar irin da aka cuɗa ba na ci ba ne, ba na kaji ba ne.

Takin zamani kada ya taɓa ƙwaya. Yuriya da kamfa suna janye ruwa daga jikin iri su ƙona saiwa, musamman in danshi kaɗan ne. A ajiye shi santimita 5 daga ramin. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake yi.

Irin da ke da rai amma ya ƙi fitowa

Wasu nau'ukan gyaɗa masu daɗewa a gona, da shinkafa da yawa, sabon irinsu ba ya tsirowa sosai sai ya huta wasu makonni bayan girbi. Mai son ɗaukar shinkafar damina ya mayar da ita gonar rani nan take ya gwada ta tukuna. In ƙwayoyin sun ƙi tsirowa amma ba su ruɓe ba, a ƙara shanya ta a sake gwaji bayan mako biyu.

Kuka da bagaruwa da gawo da ɗorawa matsalarsu ɓawo ne, ruwa ba ya ratsa shi. A daji cikin akuya da saniya ne yake lallasa shi. A gida a tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba irin, a bar shi ya huce a ciki har kwana ɗaya. Wanda ya kumbura a shuka, wanda bai kumbura ba a maimaita masa. In kaɗan ne, a goga gefen kowace ƙwaya a dutse ko a ɗan ɓantare da abin yanke farce, nesa da idon ƙwayar, har a hango farin ciki. Kuɓewa jiƙon dare ɗaya a ruwan sanyi ya ishe ta. Zogale ba ya buƙatar komai, santimita 2, ya fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Darbejiya da mangwaro akasin haka ne, irinsu ba ya jure ajiya, a shuka cikin 'yan makonni da tsinka.

Wuta-wuta tana da nata sharaɗin na daban. Ƙwayarta tana iya shekara 10 ko fiye a ƙasa, ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara take fitarwa. Saiwar waken suya da ta auduga ma suna tayar da ita, amma ba ta iya kama su, sai ta mutu. Amfanin juya shuka da su a gonar da ta kamu ke nan.

In gona ta fito da giɓi

A ƙasa mai danshi da ɗumi gero yana fitowa a kwana 3 zuwa 4, wake da riɗi 3 zuwa 5, dawa 4 zuwa 5, masara da waken suya 5 zuwa 7, gyaɗa 6 zuwa 10. In an ƙara kwana biyu a kan haka da sauran gurabe, a tone guda 10 a wurare daban-daban kafin a sayi wani irin.

Ƙwaya tana nan da taurinta kamar yadda aka zuba ta: danshi bai kai gare ta ba, tana iya fitowa in an yi ruwa. Ta kumbura ta yi laushi tana wari: ko ruwa ya kwanta mata, ko dama matacciya ce, gwajin tsumma da ragowar irin zai raba gardama. Ta fitar da saiwa ta bushe: ruwan bai isa ba, wannan ta tafi. Tsiro rawaya a murɗe a ƙarƙashin ƙasa: zurfi ya yi yawa ko ɓawo ya tare shi. Bakin saiwa ya ƙone ya yi ja: taki. An tone ramin, sai ɓawon ƙwaya a gefe: kurege ko ɓera ko tsuntsu. An cinye cikin ƙwaya tana cikin ƙasa: gara ko ƙadandoniya, wadda ta fi damun gyaɗa.

Yadda giɓin ya kwanta a gona ma yana magana. In layi-layi ne, hannun wani mai shuka ne. In a kwari ne kawai, ruwa ne, in a tudu ne kawai, bushewa ce. In gefen da ke kusa da daji ko shinge ne, dabbobi ne. Sai in ya bazu ko'ina bai ɗaya, tudu da kwari, sannan za a tuhumi irin.

Cike gurbi a yi shi cikin mako guda da fitowar sauran, da jiƙaƙƙen iri in ƙasa na da danshi, don ya rage tazarar da aka ba shi. Masarar da aka cike bayan mako biyu inuwar manya za ta danne ta, ba za ta yi goyon kirki ba, gara a sa wake a gurbin. Gero da dawa kuwa ba sai an sake zuba iri ba: ranar cira, in an samu ruwa, a ɗebi waɗanda aka cire daga ramuka masu cunkoso, a rage musu ganye, a dasa su a guraben da yamma.